Alkawarin Masaƙar Skelworth

Skelworth, 3 ga Maris

Rosalind,

Bayan gaisuwa. Tunda kin tambaya, ƙuguna yana nan yadda kika gan shi ranar jana'izar babanki, shekara shida ke nan, sai dai ya ƙara tsufa. Likita ya hana ni gishiri. Ruwa bai ɗauke ba tun Litinin, rufin ɗakin baya kuma ya fara yoyo.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun bayan na goge tabarau. Wato ke yanzu iyalin Howard Tranter kike yi wa aiki. 'Yar Dennis, wadda na sha yi wa wanka a kicin ɗin nan, ita ce ke tona takardu don wani farfesa ya rubuta tarihin marigayi babban firaminista. Kuma kina so in kwashe littattafan da mijina ya yi ta rubuce-rubucensa a ciki, guda arba'in da ɗaya, in zuba a kwali in aiko muku Landan.

Da alama a jami'a ba su koya miki tarihin gidanku ba, to bari in koya miki. Shekara ashirin da shida Cliff yana wakilin mazaɓar mutumin nan. Tranter yana Landan yana gaisawa da manyan duniya, Cliff yana nan kowace Asabar a ɗakin taron bayan coci, yana sauraron wanda bututun gidansa ya fashe da wadda aka riƙe wa fansho. Shi ke zuwa jana'iza. Shi ke rubuta wasiƙun da Tranter yake sa wa hannu ba tare da ya karanta ba. Sau biyu a shekara mutumin yake leƙo mu, ya ci kifi da dankali a takarda gaban masu ɗaukar hoto, ya koma mota ya goge hannu. Da aka rufe masaƙa, ba tagar Tranter aka fasa ba, tamu aka fasa. Shekara biyu ba wanda ya zauna teburi ɗaya da Cliff a kulob ɗin ma'aikata.

Ranar da 'yan jam'iyyarsa suka tunkuɗe Tranter daga mulki, ya fita ta ƙofar gaba yana ɗaga hannu, motar kwashe kaya tana jira ta baya, aka ce zai fitar da jerin waɗanda zai ba lambar yabo ta ban-kwana, kamar kowane mai barin kujerar. Garin nan kaf, har masu jin haushinmu, sun san sunan Cliff zai fito. Na hau jirgin ƙasa zuwa Leeds na sayi malafar zuwa fada, shuɗiya, mai gashin tsuntsu. Jerin ya fito ranar Juma'a. Direbansa yana ciki. Mai gyara wa matarsa gashi tana ciki. Akwai wani da ban taɓa jin sunansa ba, aka ce shi ke fita da karnuka shan iska. Na bi jaridar da yatsa har ƙasa, sau uku. Cliff yana zaune yana shafa wa burodi man shanu, ko ɗago kai bai yi ba. Bayan shekara huɗu na binne shi, Tranter ya aiko da fure da sa hannun sakatariyarsa.

Amsata ita ce a'a. Kada ki kira ni a waya, ba na ji sosai, kuma abin da nake ji ba ya yi mini daɗi.

Goggonki,
Enid Ogden


Landan, 9 ga Maris

Goggo Enid,

Ina gaishe ki, da fatan ƙugun ya yi sauƙi, ko aƙalla ya gaji ya ƙyale ki. Ni lafiya lau, in ban da tarin da ƙurar tsoffin takardu ke sa ni. A sa bokiti a ɗakin bayan kafin silin ya faɗo.

Na gode da darasin tarihi. Ban manta da malafar ba. Ina 'yar shekara tara kika kama ni na kifa ta a kai gaban madubi, kuma har yau ina tuna hannun da kika yi amfani da shi.

Bari in gyara abu ɗaya. Ban ce ina ƙaunar Howard Tranter ba. Na ce ina karanta takardunsa, kuma wata takwas ke nan ina karanta su, wanda ya isa ya warkar da kowa. Mutum ne da yake ajiye kowace wasiƙar yabo da aka aiko masa, har ta yaran firamare, ya kuma gyara musu rubutu da jan alƙalami. Ɗansa Julian ne ya ɗauki Farfesa Maddox ya rubuta littafin. Farfesa kuma ya ɗauke ni in yi tonon, domin akwatunan suna ɗakin ƙasa, gwiwarsa kuwa ba ta yarda da matakala sai in abinci ne a ƙarshenta.

Ga abin da ya sa na tambaye ki littattafan Kawu Cliff. A babi na goma sha huɗu Farfesa ya rubuta wannan, na kwafo miki kalma da kalma:

“Ana saura mako uku zaɓe, wani wakilin mazaɓa mai zumuɗi, Clifford Ogden, ya tsaya gaban ma'aikatan masaƙar Skelworth ya yi musu alkawarin da ba wanda ya aike shi ya yi. Firaminista ya ɗauki nauyin wannan kuskure har ƙarshen ransa, bai taɓa ambaton mai laifin ba.”

Jimloli ne masu kyau, Goggo. Na juya su ta kowace fuska ban sami inda zan kama su ba. Akwati ɗari biyu da goma, babu takarda ɗaya da ta ƙaryata su. Littafin zai tafi wurin bugu a ƙarshen Mayu, kuma abin da aka buga a irin wannan littafi shi ɗalibai za su yi ta kwafa nan da shekara hamsin, yawancinsu ba tare da sun karanta shafin da ke gabansa ba.

Ki sake tunani.

Taki,
Rosalind


Skelworth, 12 ga Maris

Dakta Rosalind,

Ina lafiya. Na san amfanin bokiti tun kafin a haife ki.

Jimloli masu kyau, in ji ki. Kin juya su ta kowace fuska ba ki ga aibinsu ba. To madalla, digiri ya yi rana. Ina cikin ɗakin taron nan ranar, a layi na biyu, mutum ɗari shida suna tsaye har bakin ƙofa. Mutumin da ko cewa zai dawo gida ƙarfe shida ba ya yi sai ya ƙara da “in bas ya zo”, shi ne mai zumuɗi? Mutumin da yake auna ganyen shayi da cokali ya share kansa da wuƙa?

Sun hana shi lambar yabo yana raye, yanzu za su rataya masa masaƙa yana kwance, kuma 'yar gidanmu ce ke riƙe musu tsani. Babanki ma haka yake, in ana faɗa sai ya tsaya a gefe yana yaba wa kowa iya magana.

Kada ki ƙara rubuto mini a takarda mai tambarin gidan Tranter. Na kunna murhu da ta baya.

E. Ogden


Landan, 20 ga Maris

Goggo Enid,

Gaisuwa, a farar takarda wadda na saya da kuɗina. Ina fatan kina lafiya, kuma murhun ya kama da kyau.

Ban ce jimlolin gaskiya ne ba. Na ce ba ni da abin da zan buge su da shi. Ni ma na san Kawu Cliff, amma ba zan iya zuwa gaban Farfesa in ce hujjata ita ce yadda kawuna yake auna shayi ba. Na yarda na rubuta miki cikin sanyi abin da ya kamata in rubuta da zafi. Halina ne, kin kuma faɗi inda na gado shi.

Yanzu ga abin da na yi kwanaki ina tunanin ko in gaya miki ko in ƙyale ki da fushinki, tunda kin daɗe da shi kuma kin iya riƙe shi.

Ranar Talata na buɗe wani siririn fayil da ba a sa shi a lissafin akwatunan ba. Jerin lambobin yabo na ban-kwana ne, na farkon, da rubutun hannun Tranter. Sunan Kawu Cliff ne na uku. Yana sama da direban.

Kin san yadda ake yi. Ba a buga sunan mutum sai an fara aika masa wasiƙar sirri ana tambayarsa ko zai yarda ya karɓa. In ya ƙi, a cire sunan, kuma ba mai buɗe baki, daga masu bayarwa har mai ƙin. Kwafin wasiƙar yana cikin fayil ɗin, da adireshin gidanku. A bayansa an maƙala amsa, layi uku:

“Howard, na gode. Ba zan iya karɓa ba. Ka san dalili. C. Ogden.”

Na san rubutun. Shi ne a kan katin ranar haihuwata kowace shekara har na kai goma sha ɗaya.

Ba Tranter ne ya manta da shi ba, Goggo. Shi ne ya ƙi. Kuma mutum ba ya rubuta wa firaminista “ka san dalili” sai in dalilin yana wuyan firaministan. Dalilin ba ya cikin akwatunana. In yana wani wuri a duniya, yana cikin littattafai arba'in da ɗaya ɗin nan.

Taki,
Rosalind


Landan, 14 ga Afrilu

Goggo,

Gaisuwa. Mako uku da rabi ba amsa. Na saɓa umarninki na kira waya sau huɗu, ba a ɗauka ba. Na kira coci, mai wa'azi ya ce kin zo ranar Lahadi, kin kuma gyara masa ayar da ya karanta, don haka na san kina raye.

In ni kike fushi da ita, ki rubuto ki zage ni, na saba. In na yi kuskure da na gaya miki, ki ce haka. Farfesa ya riga ya zaɓi hoton bangon littafin: Tranter yana duban nesa, kamar mai jiran jirgin da shi kaɗai ya san zai zo.

Rosalind


Skelworth, 29 ga Afrilu

Rosalind,

Bayan gaisuwa. Ƙugun yana nan. An gyara rufin. Ba da ke nake fushi ba, ki jira layinki.

Washegarin da wasiƙarki ta zo na hau bas na tafi maƙabarta, ban kai fure ba. Na tsaya a kansa na faɗa masa abin da ban faɗa masa ba a shekara talatin da takwas na aure. Wata mata da ke share kabarin da ke gefe ta tattara kayanta ta matsa gaba.

Na tuna ambulan ɗin. Mai kauri ne, kalar madara. Ni na ɗauke shi daga kan tabarmar ƙofa na miƙa masa, na ce mene ne, ya ce maganar jam'iyya ce. Ya sa a aljihu. Bayan mako biyu na ce masa zan je Leeds in sayi malafa, ya dube ni ya ce, “Ki ɗauki jirgin tara da rabi, ya fi sarari.” Shi ya zo tasha ya tarye ni. Shi ya ɗauko mini kwalin malafar har gida, yana riƙe da shi a gaba kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya sani, Rosalind. Ya bar ni na gwada ta gaban maƙwabta. Ya bar ni na bi jarida da yatsa yana shafa man shanu. Shekara talatin ina kashe talabijin duk lokacin da fuskar Tranter ta fito, ina cewa ya wulaƙanta mijina, ashe mijina ne ya mayar masa da abinsa ya kuma rasa bakin da zai gaya wa matarsa.

Ban taɓa buɗe littattafan ba. Na ɗauka magudanar ruwa ce da fansho a ciki. To, yawanci hakan ne. Na karanta su duka a teburin kicin, mako uku, har idona ya yi ja. Mutumin nan ya rubuta ranar da kowane kare ya ciji ɗan aike a mazaɓar nan. Ranar da uwata ta rasu ya rubuta, “Surukuwa ta rasu. Iska daga gabas.”

Ga abin da kike nema. Littafi na talatin da uku:

“Laraba, 16 ga Afrilu. H.T. ya bugo waya takwas da minti goma na safe. Ya ce in gaya musu a taron yau masaƙa ba za ta rufe ba, gwamnati za ta ci gaba da tallafa mata, in ce daga bakinsa na ji. Na ce, ka tabbata, Howard? Ya ce, Cliff, yaushe na taɓa ba ka kunya? Na gaya musu. Sun tafa. Ruwa da yamma. Na gyara ƙofar lambu.”

Ga kuma abin da ba ki nema ba, amma tunda ke kika tono, ki ɗauki rabonki. Littafi na talatin da biyar:

“Na mayar da amsa. Ban gaya wa E. ba. Za ta ce in karɓa don na cancanta, kuma ta yi gaskiya. Ko ta ce in kai wa jarida, kuma ta yi gaskiya. Ba zan iya ko ɗaya ba.”

Bayan shafi shida: “E. ta sayi malafa. Ta yi mata kyau.”

Ta yi mata kyau. In da yana raye da na kwaɗa masa littafin a ka. Sakarai ne, kawunki. Ya zaɓi a fasa masa taga a kan ya ce a bainar jama'a shugabansa ya yi ƙarya, don a wurinsa wakili ba ya tona wanda yake wakilta. Amma ni kaɗai ke da ikon kiransa sakarai. Farfesanki ba shi da shi.

Ki gaya mini abin da za a yi.

Goggonki


Landan, 3 ga Mayu

Goggo Enid,

Ina gaishe ki. Na yi murna da rufin. Game da Kawu ba ni da abin cewa da ya fi naki, sai dai na karanta layin malafar a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, na wuce tashata da biyu.

Ranar Alhamis na ɗauki hutun rabin yini, na ce haƙori ke damuna, na tafi ma'ajiyar takardun gwamnati. Takardun shekarar an buɗe su ga kowa tun bara, ba wanda ya damu ya duba na masaƙu. Takardar janye tallafin masaƙar Skelworth tana nan. An sa mata hannu ranar 12 ga Afrilu, da koren tawadar da Tranter kaɗai yake amfani da ita. A gefe ya rubuta, “Kada a sanar sai bayan zaɓe.”

Kwana huɗu kafin ya ɗaga waya ya tambayi Kawu yaushe ya taɓa ba shi kunya.

Rabi yana hannuna, rabi yana hannunki, kuma kowane rabi shi kaɗai ba ya cewa komai. Amma kada ki aiko mini da littattafan. Na sake karanta yarjejeniyar aikina, wadda na sa wa hannu kamar yadda Tranter yake sa wa wasiƙun Kawu. Duk takardar da ta shigo gidan nan ta hannuna ta zama ta iyali, kuma Julian yana iya kulle ta iyakar shekarun da ya ga dama. Da kin bi maganata ta farko, da yanzu suna ɗakin ƙasa da kwaɗo a kansu. Kin yi daidai da kika ƙi. Ki ajiye wannan wasiƙar, ba na jin zan sake rubuta irin wannan jimlar.

Abin da nake so shi ne su kasance inda kowa zai iya karanta su, kuma ba mai iya rufe su.

Taki,
Rosalind


Skelworth, 8 ga Mayu

Rosalind,

Gaisuwa. Ƙugun ya motsa, amma da dalili.

Na kai littattafan laburaren gari a cikin keken cefane, sawu uku. Matar da ke kula da wurin 'yar gidan Sutcliffe ce, ubanta yana sashen rini a masaƙa. Na buɗe mata littafi na talatin da uku na ce ta karanta a tsaye. Da ta gama ta ce, “Mama Ogden, kin san abin da kika kawo?” Na ce na kawo magudanar ruwa da fansho, ta ba ni takardar shaida in sa hannu. Na sa sharaɗi ɗaya: duk wanda ya shigo ya tambaya, a ba shi. Littafi na talatin da biyar kaɗai na riƙe. Wannan nawa ne.

Ban gaya wa kowa ba, amma kin san garin nan. Ranar Talata Norman Haigh ya zo ƙofata, shi ne ya fasa mana taga, yanzu da sanda yake tafiya. Ya tsaya da hularsa a hannu ya ce, “Enid, na je laburare.” Na ce, ashe ka iya karatu. Ya ce, “Cliff bai taɓa cewa komai ba.” Na ce, ni za ka gaya wa? Ya tsaya yana juya hular. Ban ce ya shigo ba, amma ban rufe ƙofar ba sai da ya kai kwanar titi.

Ga kwafin shafin a ciki, da hatimin laburare. Je ki gaya musu. Kuma ki ɗaga murya, ko sau ɗaya a rayuwarki.

Goggonki


Landan, 16 ga Mayu

Goggo Enid,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, tarin ma ya tafi, za ki ji dalili.

Jiya da hantsi muka zauna a ɗakin karatun gidan Tranter, ni da Farfesa da Julian, ƙarƙashin zanen marigayin. An kawo shayi da biskit guda uku, ɗaya ga kowa. Na ajiye takardun biyu gefe da gefe a kan tebur, na sa yatsa a kan kwanan watan kowace.

Julian ya daɗe yana karantawa, fiye da yadda layi tara ke buƙata. Sannan ya ce, “Abin sha'awa ne ƙwarai, Rosalind.” Kin san abin da mutanensu ke nufi in sun ce haka.

Farfesa ya ce, “Ai littafin yau da kullum na mutum ɗaya ne. Ana iya tunawa ba daidai ba.”

Na ce, “Ya rubuta a ranar, Farfesa. Ya rubuta har da minti goman. Kai kuma ka rubuta naka bayan shekara talatin, daga abin da Julian ya gaya maka a kan abincin rana.”

Ya ɗauki biskit ɗinsa ya duba shi ta gaba da baya.

Julian ya tambaya ina asalin littafin yake, ko iyali za su iya karɓarsa su adana shi yadda ya kamata, a wuri mai sanyi. Na ce yana laburaren Skelworth, tsakanin littattafan noman lambu da injin kwafi, kuma zuwa jiya mutum goma sha tara sun karanta shi. Fuskarsa ba ta canza ba, amma ya ajiye kofi kusa da faranti maimakon a kansa.

Ya ce, “Babana ya mutu. Ba zai iya kare kansa ba.”

Na ce, “Kawuna ma.”

Ban ɗaga murya ba, Goggo, ki yi haƙuri. Na gwada, ba ta fito ba. Amma ban yi murmushi ba, wanda a ɗakin nan daidai yake da jifa da kujera.

Daga nan aka shiga ciniki. Da farko Julian ya ce a bar jimlolin a cire sunan, a ce “wani jami'in yankin”. Na ce wakili ɗaya ne a Skelworth cikin shekara ashirin da shida, ko kare ya san wanda ake nufi. Sai ya ce a ƙara ɗan bayani a ƙasan shafi, da ƙananan haruffa, cewa akwai saɓanin ra'ayi. Na ce babu saɓani tsakanin sha biyu ga wata da sha shida, ɗaya yana zuwa kafin ɗaya ne kawai. Ya fita ya kira lauyansa. Farfesa ya raɗa mini cewa tun farko jimlolin ba su kwanta masa ba. Na ce na lura da yadda ya yi ta fama da su.

Ga yadda aka ƙare. An cire jimlolin biyu. Ba za su buga cewa Kawu ya yi zumuɗi ba, domin lauya ya ce duk mai kuɗin bas zai iya zuwa ya ƙaryata su. Amma ba za su buga abin da Tranter ya yi ba. Babi na goma sha huɗu zai tsallake daga Maris zuwa daren nasara, masaƙar za ta rufe kanta a wani layi can gaba, kamar ruwan sama ne ya faɗo mata. Sunan Clifford Ogden ba zai fito a littafin ba ko sau ɗaya, a shafi ɗari bakwai. Na so in samo miki fiye da haka.

Sauran ni zan rubuta, da sunana. Yarjejeniyar ta ɗaure ni a kan takardun iyali, ba ta ɗaure ni a kan na gwamnati ko na laburarenku ba. Amsar Kawu mai layi uku kaɗai ba zan iya taɓawa ba, tana cikin akwatinsu. Don haka duniya za ta san an aike shi ya yi ƙarya, ba za ta san ya ƙi lambar ba. Wannan ya rage tsakanin ni da ke, kuma ina jin shi ma haka ya so, sakaran.

Da Julian ya dawo ya gode mini da aikina mai kyau, ya ce yana ganin tonon ya kammala, za su aiko mini da sauran kayana. Ya karɓi katin shiga ɗakin ƙasa da hannu biyu. Ya raka ni har zaure da kansa, yana tambayata ko jiragen arewa suna zuwa a kan lokaci kwanan nan. Na ce zan gani ranar Asabar, na sha biyu saura kwata zan hau.

Ban taɓa gaya miki ba, da Tranter ya bar mulki ya sa an yi wa gidansa baƙar ƙofa irin ta gidan firaminista da aka fitar da shi, mai sheƙi, ba mariƙi ba ramin makulli ta waje, sai daga ciki ake buɗe ta. Wata goma ina tsayawa a gabanta kowace safiya ina jira a ga dama a buɗe mini. Julian ya riƙe ta na fita. Ya ce in gaishe da goggona. Ta rufe a bayana a hankali, kusan ba ƙara. Sai a lokacin na tuna lemata tana ciki, a jingine da kujera, ga shi an fara yayyafi. Na dubi ƙofar, na ɗaga wuyan kwat, na sauka matakalar na kama hanyar tasha.

Taki,
Rosalind